Yaranmu Sun San Tanti, Ba Su San Daji Ba

Duk mai riƙe da waya a 'yan shekarun nan ya taɓa cin karo da irin hoton nan: ɗan ƙaramin tanti a tsakiyar daji, dogayen itatuwa kore shar ko'ina, irin waɗanda ba sa kaɗe ganye rani da damina, ga butar shayi a kan duwatsu uku, ga wani Bature zaune shi kaɗai ba ya yin komai. Yawanci daga Kanada ne, ko Finlan, ko wani lungu na Amurka. Babu lantarki a wurin, babu famfo, kuma kuɗi mutum ke biya a bar shi ya kwana a ƙasa. In aka saka hoton a Facebook, mutanenmu sukan rabu biyu. Wasu su ce Allah Ya kai mu. Wasu su ce ƙoshi ne ya yi wa Bature yawa, ya bar katifa ya tafi neman harbin kunama. Ni ina ganin Baturen nan da hankalinsa, kuma ina ganin yaran Kolofata sun fi shi bukatar abin da ya je nema. Na san za a ce malamin nan ya rasa abin faɗi ne, ana fama da tsadar hatsi shi yana zancen yawon daji. A dai yi haƙuri a ji ni tukuna.

Tanti ba baƙo ba ne a garinmu. Ranar 27 ga Yulin 2014, jajibirin ƙaramar Sallah, 'yan Boko Haram suka faɗo Kolofata, suka afka gidan mataimakin firaminista na lokacin, marigayi Amadou Ali, suka tafi da mai ɗakinsa da lamidon gari da wasu mutane. Ranar 12 ga Janairun 2015 suka dawo wa barikin soja. Daga nan ƙauyukan bakin iyaka, ɓangaren Kerawa da Amchide, suka fara watsewa, mutane suka kwararo nan da Mora da abin da kai zai iya ɗauka. Aka kafa sanduna, aka ja tamfol. Ko a ƙarƙashin tamfol ɗin ma ba a tsira ba: ranar 2 ga Yunin 2017 'yan ƙunar baƙin wake suka shiga sansanin 'yan gudun hijira na Kolofata, mutum tara aƙalla suka rasu. Yaron da aka haifa a shekarar harin farko yanzu ya gama firamare ko yana dab da gamawa. Duk tsawon rayuwarsa, tanti a wurinsa shi ne inda ake zama in an ƙone gidanku. Ya san zafinsa a watan Afrilu, lokacin da cikinsa ke komawa kamar tanda. Ya san yadda iskar farkon damina ke yage shi da tsakar dare, uwa ta tashi tana tattara kayan abinci. A ce masa akwai mutanen da ke sayen tanti da kuɗinsu don jin daɗi, kallon mai zolaya zai yi maka.

Haka kalmar daji ta lalace mana. A da in aka ce wane ya shiga daji, itace ya je yi, ko farauta, ko neman saiwar magani. Yanzu in ka ji an sassauta murya an ce ɗan wane ya shiga daji, ka san abin da ake nufi, ba sai an ƙara ba. Gandun Waza, wanda duniya ta san yankinmu da shi, mai faɗin kadada 170,000, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren da take kula da su tun 1979, nan kusa yake da mu a kan hanyar Kusuri. Ranar 19 ga Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu cikinsu yara, a wajen Dabanga bayan sun fito daga Waza. A watan Mayun 2014 aka kwashe 'yan Sin goma masu aikin hanya a can. Tun daga lokacin motocin masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, na Waza da na Rumsiki duka, masu yi musu jagora da masu sayar musu da kayan saƙa da na fata suka koma neman wata sana'a. An yi ta magana a kan kuɗin da aka yi asara, kuma gaskiya ne an yi. Abin da ba na jin ana faɗi shi ne asarar yaranmu. Ɗan Faransa ya daina zuwa Waza, ya sauya ƙasa kawai. Ɗan Mayo-Sava kuwa ya tashi bai taɓa ganin raƙumin dawa ba, alhali tsakaninsa da su tafiyar 'yan awoyi ce.

A aji, mu malamai muna koya musu labarin ƙasa kamar yadda manhaja ta ce. Su haddace cewa kudancin Kamaru kurmi ne, dajin da ba ya bushewa. Su haddace Dja, su haddace Korup wanda aka mayar gandun ƙasa a 1986, su haddace Debundscha inda ruwan sama kan kai kusan mita goma a shekara, alhali namu nan ko mita ɗaya ba ya kaiwa. Suna iya maimaita maka duka, su ci jarrabawa. Na taɓa cewa 'yan ajina su zana mini kurmi. Mafi yawansu darbejiya uku ko huɗu suka jera, da rana a sama. Wasu kuma, ba tare da na ce ba, suka ƙara mutum da bindiga a bayan itace. Ba laifinsu ba ne. Gani ya kori ji, su kuwa abin da suka gani ke nan.

To, masu cewa kwanan daji al'adar Bature ce, ina so mu ɗan waiwaya. Kakannin da yawa daga cikinmu fatake ne. Da ƙafa da jakuna suka zo ƙasar nan, daga Kano da Katsina da Borno, suka bi ta Garwa da Ngawundare har suka dangana da kurmi neman goro da hauren giwa. Ina suke kwana a hanya? Zango suke yadawa a gindin itace, a sauke kaya, a hura wuta, madugu ya raba wa kowa aikinsa. Kalmar zangon da muke kiran unguwanninmu da ita a garuruwan kudu, daga can ta samo asali. Mbororo har gobe suna kafa bukka su tashe ta. Manomin masakwa yakan yi makonni a gona lokacin girbi, yana kwana cikin 'yar rumfar kara. Sannan ga kiskadi, wanda duk wanda ya san tsangayun Borno ya san shi: gardi ya bar gari da hayaniyarsa, ya kafa bukka a bayan gari can nesa, daga shi sai allonsa, don ya san karatu ba ya zama a kai sai da shiru. Abin da Bature ya ƙara kawai shi ne ya mayar da abin darasi na yara. A watan Agustan 1907 Baden-Powell ya kwashi yara 20 ya kai su wani tsibiri mai suna Brownsea a Ingila, suka yi kwanaki a tanti, daga nan ƙungiyar sikawut ta samo tushe, ta bazu duniya, har ƙasashen Musulmi irin su Aljeriya suka rungume ta tun kafin su sami 'yanci. Saboda haka in mun kai yaro daji ya kwana, gadon gidansu muka mayar masa, ba aro muka yi ba.

Kuma muna da dajin. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kudu da mu kaɗan, a Mayo-Tsanaga, akwai gandun Mozogo-Gokoro. Ƙarami ne, kadada 1,400 kacal, in ka gwada shi da Waza kamar ɗigo ne. An keɓe shi tun 1932, zamanin Faransa, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1968, shekara ɗaya da Waza. Darajarsa ita ce an daɗe ana tsare shi daga wuta da gatari, har ya zama shi ne ke nuna mana yadda ƙasar nan take kafin mu share ta. Kewaye da shi gonaki ne fetal, sai kawai ka ga duhuwa ta tashi kamar bango. Ciki sarƙaƙiya ce ta haɗe sama, ga marke, ga tsamiya, ga kanya, ga aduwa, ga birai da gada da tsuntsaye. Ba zan ce duk itatuwansa ba sa kaɗe ganye ba, dajin ƙasar rani ne, marke kan tuɓe in rani ya yi nisa. Amma kanya da tsamiya suna riƙe inuwarsu lokacin da ko'ina ya yi fari, kuma duk wanda ya shigo daga ranar Maris ya tsaya a ƙarƙashinsu ya san bambancin a jikinsa, ba sai an karanta masa a littafi ba. Wannan ne kurminmu. Da lafiya, da malamin firamare a Kolofata zai iya ɗaukar 'yan ajinsa ranar Asabar da safe, su kafa tanti a gefen gandun, su dawo Lahadi da la'asar.

Ba lafiya, kuma ba zan yi kamar akwai ba. A daren 1 zuwa 2 ga Agustan 2020 aka kai hari kan 'yan gudun hijira a Nguetchewe, maƙwabciyar gandun, aka kashe mutum 17 aƙalla suna barci. A Janairun 2021 aka shiga Mozogo kanta. Duk malamin da ya ce zai kai yara su kwana a wannan yanki yau, a karɓe masa yaran. Sai dai akwai wani abu da ya kamata ya dame mu tun yanzu. Ranar da lafiya za ta dawo, in sha Allahu za ta dawo, shin za mu tarar da dajin? Mutanen da aka kora daga ƙauyukansu dole su dafa abinci, dole su yi rumfa. Matar da ke da 'ya'ya biyar da tukunya a kan murhu ba za ka yi mata wa'azin kare muhalli ba. Kadada 1,400 kuwa ba wani abu ba ne a gaban gatarin mabukata. Bindiga takan yi shiru wata rana, amma kanyar da ta shekara tamanin in ta faɗi, jikokinmu ma ba lalle su ga madadinta ba. Wanda zai tsaya wa wannan gandu nan da shekara ashirin, a majalisar ƙaramar hukuma ko a fadar lamido, yana zaune a benci a ajinmu yanzu. In bai taɓa jin daɗin daji ba ko sau ɗaya, in abin da ya sani game da shi tsoro ne kawai, me zai sa ya damu in an sare?

Dubi darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro. Baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta, amma yau ita ce kaɗai koren da yaranmu suka sani a tsakiyar rani. Titunan Marwa da ake yabo saboda inuwa, wasu ne suka dasa, suka yi ta ban ruwa, yawancinsu ba su zauna a inuwar ba. Shirin Sahel Vert na shekarun 1970, wanda aka sake tayarwa a 2008, ɗalibai da matasa ne suka yi masa aiki. A Minawao kuma, sansanin da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo don 'yan gudun hijirar Najeriya, wanda ya tara mutum fiye da 70,000, an fara da sare duk wani itace da ke kewaye har wurin ya zama fili. Daga baya 'yan gudun hijirar da kansu, da taimakon hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Lutheran, suka dasa itatuwa dubu ɗaruruwa. Har wata dabara suka yi amfani da ita, wani mazubi na kwali mai kama da gammo da ake binnewa kewaye da dashe, yana riƙe ruwa lita 25 yana ɗiga wa saiwa a hankali har ta kama. Wato mutanen da ke kwana a tanti dole sun shuka daji. Mu da muke gidajenmu fa?

Abin da nake kira a yi ba shi da girma. Tunda namu dajin a rufe yake, a kai yaran inda yake a buɗe. Hutun ƙarshen Disamba shi ne lokacinsa: babu ruwa, sauro ya ragu, zafi bai sauko ba, sai dai a riƙe bargo saboda hunturu. A zaɓi 'yan ajin ƙarshe na firamare, ashirin ko talatin, rabi daga 'yan gari rabi daga 'yan sansani, a kai su kwana uku. Garwa tana da makarantar koyon kula da namun daji tun 1970, wadda ke horar da ma'aikatan gandun daji daga ƙasashen Afirka da dama. Ɗalibanta sun fi kowa dacewa su riƙe hannun yaranmu su nuna musu sawun dabba da sunan itace. Gandun Binuwai yana kan hanyar Garwa zuwa Ngawundare. In an ƙarasa Ngawundare kuwa, tudu ne mai sanyi, ga tafkin Tison, ga inda kogin Vina ke zubowa, ga kurmin bakin rafi da ke zama kore shekara duka. A can yaron Kolofata zai ga abin da ya haddace. Na san can ma ba aljanna ba ce, masu garkuwa da mutane sun addabi makiyaya a wasu sassan Adamawa da Mayo-Rey. Shi ya sa ba malami ne zai zaɓi wurin da ka ba. Hukuma da masu gadin gandu su ce nan ne, a kafa tanti kusa da su.

Kuɗi fa? Ai tambayar ke nan. Kayan ba su da yawa: tamfol, wanda Allah Ya sani ba mu rasa shi ba, da igiya, da tabarma, da gidan sauro, da buhun shinkafa, da jarkokin ruwa. Motar ce ke da tsada. Amma kowace shekara ana kashe kuɗi a bikin matasa na 11 ga Fabrairu, a ɗinka riguna, a yi makonni ana koyon maci a rana, yara su wuce gaban manya cikin minti biyu, a tafa, a watse. Ban ce a daina ba. Na ce magadan gari da ƙungiyoyin iyayen yara da attajiranmu na Garwa da Yawunde da Duwala, waɗanda ba sa ƙyashin ɗaukar nauyin gasar ƙwallo a lokacin hutu, su ware kwatankwacin wani yanki na wannan don mota ɗaya. Mota ɗaya tak a shekara, a fara da ita.

Akwai masu cewa, malam, ajinku yara sun haura ɗari, wasu a ƙasa suke zaune, ka bar wannan kana neman yawo? Gaskiyarsu, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin benci da tanti, benci zan ɗauka ba tare da na yi tunani ba. Sai dai ba wanda ya taɓa kawo mana benci don mun haƙura da wani abu. In jira za mu yi sai komai ya cika, yaran nan za su yi gemu. Akwai kuma iyayen da za su ce ban da 'ya'yansu mata. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma maganinta a bayyane yake: malamai mata da iyaye mata biyu ko uku su bi su, zangonsu daban, lokutan salla a tsare. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce maza su tafi, mata su zauna. Yarinyar nan ita ake aika itace tun tana shekara takwas, ita ta fi kowa sanin fargabar bayan gari, ita ce kuma ta fi cancanta ta ga daji a ranar da ba a aike ta komai ba. Wata matsalar da ba a tunawa da ita sai an zo shingen bincike ita ce takardar haihuwa. Yara da yawa a yankin nan ba su da ita, musamman waɗanda aka gudo da su, kuma rashinta ne ke hana su zama jarrabawar ƙarshen firamare. In shirin tafiya zai sa a zauna a yi wa yara talatin takarda, to ko motar ba ta tashi ba an ci riba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun. A garinmu shiru ba hutu ba ne. In dare ya yi tsit, karnuka suka daina haushi, babba yakan tashi zaune ya kasa kunne. Muna da yaran da in iska ta buga ƙyauren aji sai ka ga sun duƙa ƙarƙashin benci kafin su san sun yi. Ban ce kwana uku a tanti magani ba ne, wannan aikin masana ne da na lokaci. Amma yaro ya kwanta a waje, ya ji motsi cikin ganye, wani babba da ya san wurin ya ce masa kwanta abinka, gada ce, ko mujiya ce, ya kuma wayi gari ya tarar gaskiya aka faɗa masa, wannan darasi ne da ba ni da allon da zan rubuta shi. Ya kafa tanti da hannunsa yana dariya, ya kuma tashe shi da hannunsa ranar da aka ce za a tashi, ya koma gida ya tarar da gidan yana nan. Yawancin 'yan ajina ba su taɓa tashin tanti don an gama abin da aka zo yi ba.

Ana tsara kasafin ƙananan hukumomi ne kafin shekara ta ƙare, saboda haka duk mai ɗan uwa kansila a Kolofata ko Mora ko Mozogo, yanzu ne lokacin yi masa magana. Mu malamai namu shi ne mu kawo sunayen yara da yardar iyayensu a rubuce. Kafin nan, kowane yaron da aka zaɓa ya dasa darbejiya ɗaya a harabar makaranta, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ya yi ta ba ta ruwa har ranar tafiya. Wanda tasa ta bushe don sakaci, a ba wani kujerarsa a mota.